Koma Ninki Uku

Duk wanda ya san bakin kogi a Katagum ya san Malam Kawu. Shekara arba'in yana su, da gwiwa ta ƙi sai ya koma gindin tsamiya yana ɗinkin koma da taru. Mutum ne da ba ya yarda da ji. Ko zare aka kawo masa aka ce mai ƙwari ne, sai ya sa haƙori ya ja. Abokansa na cewa ko ranar aurensa sai da ya ɗanɗana gishirin miya kafin ya ce Alhamdu lillahi. Ƙarya suke masa, amma ba su yi nisa da gaskiya ba.

Ran nan waya ta zo daga Bauchi. 'Yarsu ta fari, Jannatu, ta samu aiki a gidan talabijin, kuma ranar Litinin bayan la'asar za ta fara karanta labarai. Malam Kawu ya rasa inda zai sa kansa don murna. Kafin azahar babu mai kifin da bai ji ba, har Fulanin da suka kawo shanu shan ruwa sai da ya tare su ya faɗa musu.

Matarsa Hadijatu kuwa cewa ta yi, "To, Allah ya taimaka," ta ci gaba da tankaɗe. 'Yar fari ce, akwai kunya. Tunda ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan", ba ta kuma taɓa tsayawa ta ƙare mata kallo ba. Ga shi yanzu yanar ido ta fara rufe mata gani. Tsohuwar talabijin ɗinsu mai ƙeya ba ta nuna mata komai sai inuwa na motsi.

"Wai yaya kike gani ne?" Malam Kawu ya tambaye ta.

"Kamar ka ninka komarka sau uku, Malam, ka rufa mini a fuska."

Shi ke nan, ta ba shi ma'auni. Ya taka daga bakin gadonta zuwa bango, taku bakwai cif. Ya yanko koma, ya ninka uku, ya cusa a aljihu. Ya ƙudura a ransa ranar Litinin sai matar nan ta ga fuskar 'yarta, ba inuwarta ba.

Asabar da safe ya hau motar Azare da sabuwar hula. Bai tsaya ko'ina ba sai shagon wani Gali, inda talabijin na bango suka jeru tun daga ƙasa har silin, kowace na ta walwali. Bakin Malam Kawu ya ƙi rufuwa. Duk sun yi siriri kamar faifai, ya leƙa bayan ɗaya yana neman inda aka ɓoye sauran jikin.

"Baba, sannu da zuwa," in ji Gali. "Ga inci talatin da biyu, ga arba'in da uku. Wannan kuwa sittin da biyar ce, irin ta gidan manya."

"Kunna mini inda mutum ke magana, ɗana. Ba ƙwallo ba."

Gali ya kamo wata tasha, mace na karanta labarai. Malam Kawu ya juya baya, ya ƙirga taku bakwai, na bakwan ya fitar da shi har bakin titi. Ya juyo, ya zaro koma, ya rufa a fuska.

Ai kuwa sai kasuwa ta tsaya. Masu acaɓa suka ci birki, mai rake ya baro baronsa. Wani ya ɗaga murya, "Baba, yau kai ne kifin?" Aka tuntsire da dariya. Gali kansa ya juya yana danne tasa. Malam Kawu ko a jikinsa.

"Wannan ba ta yi ba, kanta kawai nake gani babu ido. Ta gaba!"

Aka kunna ta gaba. Ya ce hanci ya fito, baki ya ɓace. Aka kunna ƙatuwar, kowa ya ce to, magana ta ƙare. Ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai. Hasken titi na faɗa mata, gilashinta na ƙyalli, ta cikin koma ba ka ganin komai sai sheƙi. A ɗakin Hadijatu ma taga na fuskantar bangon.

"Baba, wai me ake nema ne?" Gali ya tambaya, ya fara gajiya.

Malam Kawu ya ɗage koma ya faɗa masa, a gaban kowa. Dariya ta ɗauke ɗif. Gali ya miƙo hannu. "Ba ni in gani."

Shi ma ya taka bakwai, ya rufa komar mai ƙarnin kifi a kan farar shaddarsa. Daga nan aiki ya zama na mutum biyu. Gali ya sauko da wata inci hamsin wadda gilashinta ba ya ƙyalli, ya riƙe rimot yana ƙara haske kaɗan kaɗan, 'yan kallo na ta ba da shawara kamar su za su saya.

"Tsaya nan!" Malam Kawu ya daka tsawa. "Na ga haƙoranta! Wallahi har wushirya!"

Titi ya ɗauki tafi. Mai rake ya ba shi sanda guda kyauta. Da za a ɗora kwalin talabijin ɗin a mota ya ce atafau ba za a sa a but ba, a cinyarsa ya riƙe ta har Katagum, ba ya ganin hanya, sai fara'a yake wa kwali.

Litinin bayan la'asar ɗaki ya cika da maƙwabta. Hadijatu na bakin gado, ta ɗan kau da kai kamar ba don ita aka taru ba. Aka yi kiɗan labarai, sai ga Jannatu ta cika bango, da ɗaurin ɗankwali, ta yi sallama. Mata suka rangaɗa guɗa. Malam Kawu bai kalli talabijin ba, matarsa yake kallo.

Ta juyo a hankali.

"Malam," ta ce ƙasa ƙasa, "ita ba ta ganina ko?"

"Ba ta ganinki."

Sai ta gyara zama, ta ɗaga kai, ta zuba wa 'yarta ido son ranta, kallon da ta hana kanta shekara ashirin da bakwai. Hawaye na zuba, ba ta share ba don kada ta rasa ko ƙiftawa ɗaya.

"Ashe goshin babata ta ɗauko," ta ce. Sannan, a gaban maƙwabta duka, ta ce, "Jannatu."

Malam Kawu ya laluba aljihu neman hankici, hannunsa ya fito da koma. Da ita ya goge ido.