Ranar da na gayyaci kawu farautar gada

Shekarar da aka samu mulkin kai, gada ta yi ƙaranci a dajin ƙauyenmu, can wajen Furana, kowa kuma ya ɗora wa kura laifi. Mu samari muka riƙa zuba guba a mushe muna ajiyewa a bakin kurmi, har aka daina jin kukan kura. A cikinmu ni ne mai babban baki, har kirari nake yi wa kaina.

Bayan 'yan shekaru na aika wa kawuna, tsohon maharbi a Kudan, cewa ya zo ya ci naman gada sai ya ture. Ko leƙa kurmin ban yi ba kafin in aika. A lissafina, tunda babu kura, gada ta hayayyafa ke nan.

Ya taho a kan jaki, da kwarinsa da bakansa da ciwon gwiwarsa. Muka shiga kurmi da hantsi. Ƙasa kashin awaki ne ko'ina. Toho da ganyen da gada take ci an gwaguye su ƙarƙaf, bakin tafki kuma shanu sun dame shi ya koma taɓo. Ashe tsoron kura ne yake sa mutane tsare dabbobinsu kusa da gida. Da ta kau, kowa ya saki nasa, karnuka ma suka koyi shiga daji su kaɗai.

Kawu sai duban ƙasa yake yana ɗingishi. Ni kuwa ina ta cika shi da surutu, ina cewa gada a gaba take. Kunya ta ishe ni, na fi so ya zage ni in huta.

Wajen la'asar muka ji motsi a cikin ciyawa. Kawu ya ɗana kibiya, ni har na fara murmushi. Sai ga kare ya fito da jaririn gada a baki, ko cibiyarsa ba ta bushe ba.

Kawu ya sauke baka a hankali. Ya ce, "Ɗan nan, wannan karen na wane gida ne?"

Na buɗe baki zan ce ban sani ba. Karen ya taho yana kaɗa wutsiya, ya ajiye gawar a kan ƙafata.