Littafin Baba Yohanna da Gara Ta Ci

Mu, Shugaban Manoman Albasa na ƙasar Bodinga da Shagari, muna tsakiyar kasuwa wani direban bas ya kawo mana labarin rasuwar Baba Yohanna, malamin asibitinmu, mutumin Zuru. Masu awo suka ajiye mudu.

Kirista ne, ya tsufa a cikinmu. A wannan zamani na ostariti, na tsuke bakin aljihu, da kwalaben magani suka zama wayam, bai taɓa rufe ƙofa ba. In babu allura sai ya wanke ciwo da ruwan gishiri, ya zauna kusa da majinyaci. Yakan ce, "Littafinmu ya hana ni in ga mutum kwance in ratse ta gefe." Littafin nan mai baƙin bango kullum yana ɗaure a bayan kekensa.

To, akwai wani ja'irin saurayi a Horo Birni, ba shi da aiki sai tsokana. Shi ke sace wa Baba iskar taya, shi ke kwaikwayon Hausarsa. Wata rana ya kwance littafin ya cusa a jinkar rumbu, wai bayan kwana biyu ya mayar. Ya shagala. Da ya koma, gara ta cinye, sai bango.

Baba ya bi gida gida yana cigiya. Ya aika Sakkwato, ba a samo mai manyan baƙaƙe irinsa ba, ga idonsa ya yi rauni.

Da damina kububuwa ta sari saurayin nan a gonar gero. Baba ya tako keke cikin caɓi, kwana biyar yana zuwa. Ran na ƙarshe saurayin ya ce, "Baba, yanzu da ba ka da littahinka, mi kaka karantawa?"

Ya ce, "Takarda aka ɗauka, ja'iri. Abin da ke ciki shi ya kawo ni nan. Miƙo ƙafar." Yana naɗa bandeji ya ƙara da cewa, "Wanda ya ɗauka na yafe masa tun ran nan. Ina dai so ya faɗa da bakinsa, ya huta."

Saurayin ya ce a ransa, gobe. Goben ta kai shekara.

Hukunci na Allah ne, shi ya san abin da bawansa ya aikata. Ya Mai rahama, ka dubi ƙafafun da mutumin nan ya wanke. Ka ba matarsa Mama Rahila da 'ya'yanta haƙuri, ka rufa musu asiri a wannan tsanani.

Saura gaskiya. Babu wani shugaban manoma. Ni Ɗanjuma ne, mai tabon maciji a ƙafar hagu. Da ajami na rubuta, ɗan maƙwabcinmu ya juya mini zuwa boko. Na ari babban suna ne don in aka ga nawa za a ce wasa nake yi.

Mama, ni na ɗauki littafin. Bangon yana wurina. Zan kawo miki kafin ku koma Zuru, ki yi mini abin da kika ga dama.