Takalman da Na Ajiye wa Dutsen Bagzan

Assalamu alaikum, masu karatun wannan mujalla. Ni tela ce a Wadata, nan Yamai. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da tara, da 'ya'ya huɗu, da jikin da ya saba da kujera. Tun safe har magariba ina bisa keken ɗinki, ko zare zan saya a unguwar Kalley sai na tsayar da taksi. Ga ni kuma da taurin kai, duk layinmu an san in na ce e, to an gama magana. Na faɗi wannan tun farko don halin nan shi ya kai ni inda na je, shi kuma ya kusa hana ni isa.

Mahaifina bisa dutsen Bagzan aka haife shi, can ƙasar Abzin, a ƙauyen da mota ba ta hawa, sai ƙafa da jaki. Ya sauko yana saurayi, ya zama direba a Yamai, ya tsufa a nan, har shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. A can sama yayarsa guda ta rage, gwaggona, tsohuwar da ba ta iya saukowa, kuma wurin babu rezon waya balle a kira ta. Wata safiya ina ba shi kunu, sai ya ce shi ba mutuwa yake tsoro ba, abin da ke cin ransa shi ne ya tafi bai ƙara jin muryar yayarsa ba. Yayyena maza biyu suna zaune, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Ni kuwa kafin in yi tunani na ji bakina ya ce zan hau dutsen, in ɗauko masa muryarta cikin wayata. Babban yayanmu ya yi dariya har da riƙe ciki, wai ni da nake haki in na hau bene hawa ɗaya. Wallahi dariyar nan ce ta ƙulle maganar.

Aka haɗa ni da wani dattijo mai jakuna, wanda ke hawa da sauka da kaya a hanyar. A waya ya gaya mini gaskiya ba ado: motar albasa da za ta kai ni gindin dutsen kwana ɗaya take yi ta juya, don haka yini guda gare ni. Za mu tashi bayan asuba, in azahar ta yi ba mu kai sama ba, to komawa za mu yi, don ba ya sauko da baƙo cikin duhu. Ya ce in yi ta tafiyar ƙafa, in koyi shan ruwa ko ba na jin ƙishi. Ya kuma nanata mini cewa takalmin da zan hau da shi, in sa shi kullum har ya san ƙafata.

Wata uku na yi ina shiri, kuma har yau ina alfahari da su. Na daina shiga taksi. Kullum sai in taka daga gida zuwa shago, ranar Lahadi in ƙetare gada in je tsaunukan hayin kogi, in hau in sauka da bidon ruwa a jakar baya. 'Yan kabu-kabu na tsayawa suna tambaya ko lafiya, Hajiya. Maƙwabciyata mai sayar da atamfa kuwa kullum sai ta tambaye ni ko soja zan shiga. Makon farko cinyoyina suka yi tsami har ba na iya taka keke, amma ban fasa ba. Sai dai duk wannan tafiya da tsofaffin takalmana na roba na yi ta. Sababbin da na saya don hawan dutsen, masu ƙarfi, masu tsada, suna cikin kwalinsu bisa kabad. A gidanmu haka muka tashi, sabon abu ba a taɓa shi sai ranarsa, kamar kayan salla. Ina ni ina zuba su cikin ƙura da kwatamin Wadata, sannan in je gaban gwaggon da ban taɓa gani ba da takalmi duk ya koɗe? Mijina ya tuna mini maganar dattijon sau biyu, na ce masa ƙafata ce, ni na san ta.

Ranar hawa, a gindin dutsen, na fiddo su fes, na robar kuwa tun a Yamai na baro su. Awa ta farko lafiya lau, har ina wuce jakuna. Daga nan sai dugadugaina suka fara zafi kamar an ɗora garwashi. Hanyar duk duwatsu ce baƙaƙe, tana miƙewa tsaye, iska kuma ta yi mini kaɗan, taku goma sai na tsaya. Dattijon ya tambaye ni ƙafa fa, na ce lafiya ƙalau. Kunya ce ta hana ni faɗa. Sai da hantsi ya yi sosai ya ga ina jan ƙafa, ya zaunar da ni bisa dutse ya ce in cire. Safar ta manne da jini. Bai yi faɗa ba, ya dubi rana, ya dubi abin da ya rage, ya ce da wannan ƙafa ba za mu kai kafin azahar ba, jakunan kuma ba sa ɗaukar mutum a wannan gangaren. Gara mu juya.

Nan na fashe da kuka, ba don ciwon ba. Fuskar mahaifina na gani, ina shiga ɗaki hannu wofi. Na roƙe shi ya ba ni ɗan lokaci kaɗan. Tela ba ta tafiya ba almakashi da allura, suna cikin jakata. Na ɗauki takalman nan da na yi wata uku ina lallaɓawa, na datse bayansu duka biyu. Na yage sabon gyalena, na naɗe dugadugan, na ɗinka igiya ta zagaye idon sawu don kada su zame. Dattijon yana kallo yana girgiza kai, ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, amma in tashi mu gwada. Na taka, na ji zan iya. Yadda na ƙarasa ban iya ba da labarinsa daidai, na dai san ina kiran sunan Allah, ina kurɓar ruwa, ina kallon wutsiyar jakin gabana. Muna leƙawa sama sai ga fili shimfiɗe, ga lambuna kore shar, ga ladan yana kiran azahar.

Gwaggona ta rungume ni ta daɗe ba ta sake ni ba. Da ta dubi ƙafafuna ta ji labari, sai ta yi dariya har da hawaye. Ta ce lalle ni 'yar ƙanenta ce, don ranar da ya bar dutsen nan an saya masa sababbin takalma, amma rataye su ya yi a wuya ya sauka ba takalmi, wai kada su lalace kafin birni. Na kunna waya, ta yi masa magana mai tsawo, ta kira shi da sunan yarinta da ko mu 'ya'yansa ba mu sani ba.

Da na dawo na sa masa wayar a kunne, sai ya amsa sunan da ƙarfi, kamar tana bakin ƙofa. Wata biyar ya ƙara a duniya, kuma babu safiyar da bai saurare ta ba. Allah ya jiƙansa.

Ina alfahari da hawan nan, ba zan ɓoye ba. Amma in na tuna saura ƙiris son a gan ni fes ya hana tsoho jin muryar 'yar'uwarsa, sai jikina ya yi sanyi. Don haka duk mai shirin irin wannan tafiya, don Allah ya ji maganar wanda ya san hanya, in ciwo ya kama shi ya faɗa da wuri, takalmin kuma ya tsufar da shi tun a gida. Nawa suna nan rataye a shago, bayansu a datse. Masu kawo ɗinki kan ce in jefar, ni kuwa sai in ce su bar mini kayana.