Ƙosan Bilbao

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da kundin kayan da ke shiga da fita a wani kamfanin dakon kaya da ke filin jirgin JFK, kuma a iya sanina ba a taɓa kama ni da kuskuren lamba ko na harafi ba. Na fara da wannan ne domin a fahimci dalilin da ya sa surukata ta damƙa mini amanar abin da take ci.

Hajiya, mahaifiyar matata, ta baro Kano ta zauna tare da mu a unguwar Concourse Village da ke New York bayan rasuwar mijinta. Ta haura saba'in, ba ta yi boko ba, kuma abu guda take alfahari da shi a fili: tun da aka haife ta haram bai taɓa wuce maƙogwaronta ba. Duk abin da aka sayo a kanti, gwangwani ne ko burodi ko alewa, ba ta kai shi baki sai na karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa. Ba ta tambayata kai tsaye, saboda kunyar da ke tsakanin suruki da suruka. Ina zaune a wurin za ta dubi 'yarta ta ce, "Malam ya duba?" Ni kuma in amsa wa matata, "Ki gaya wa Hajiya na duba." Haka muka rayu shekara shida a ɗaki uku.

Kamfaninmu yana samar wa ma'aikata tikiti mai rangwame sau ɗaya a shekara. Matata ta ga hoton wani gidan ajiye zane-zane a Bilbao ta ƙasar Sifen, gini mai ƙyalli kamar ɓawon kifi a bakin kogi, ta ce can za mu. Ta kuma ce da Hajiya za a tafi, domin tsohuwar ba ta san ko'ina ba sai asibiti da shagunan titin 116. Na yi wata biyu ina haɗa takardun biza. Na kuma sa wani abokin aikina mai jin Sifaniyanci ya rubuta mini tambayoyi uku a kati uku: ina banɗaki, ina masallaci, sai na ukun, akwai naman alade a cikin wannan? Ya sa na maimaita har na iya. Ya ce amsar ba ta wuce biyu, ko "si" ko "no". Na karanta cewa mutanen yankin, Basakawa, suna da harshensu na kansu wanda bai haɗa dangi da Sifaniyanci ba, amma na ɗauka harshen allunan titi ne kawai.

Garin yana kwance tsakanin tsaunuka, kogin ya raba shi biyu. Ruwan yakan cika da safe ya janye da rana saboda teku na kusa, abin da ya ɗaure wa Hajiya kai, har ta ce kogin nan numfashi yake yi. Yayyafi ba ya yankewa. Mun haye wata farar gada ta masu tafiya a ƙafa, Hajiya tana riƙe da hannun 'yarta tana salati. A ƙofar gidan zanen akwai wani ƙaton kare da aka yi da furanni masu rai. Ta tsaya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ikon Allah. Kare ma ya samu masu yi masa lalle."

Abinci ne ya gagare mu. Kowane shago muka leƙa, cinyoyin alade ne a rataye a saman kai kamar an shanya wanki. Kwana biyu Hajiya ba ta ci komai ba sai burodi da wainar ƙwai mai dankali, ita ma sai da na bincika.

A rana ta uku, da azahar, muka shiga babbar kasuwar da ke bakin kogin. A wata rumfa aka jera wasu soyayyun curi-curi, jajaye, suna tururi. Hajiya ta taɓa 'yarta.

"Ke, wancan ba ƙosai ba ne?"

"Kama dai ya yi, Inna."

"Malam ya duba."

Mai rumfar dattijuwa ce mai furfura. Ta juya mana baya tana tsame wasu daga mai, tana kuma hira da maƙwabciyarta da wani harshe da ban gane ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Na fito da katin na uku, na ɗaga murya na karanta. Ta waiwayo kaɗan, ta ga abin da nake nunawa, ta ce, "Bai, bai," ta koma kan kaskonta. Ni ba mai gaggawa ba ne, don haka na sake tambaya. Ta sake cewa, "Bai!"

Ban ji "si" ba. Abin da na ji kalma ce da na tashi da ita tun ina goye: bai zo ba, bai ci ba, bai da shi. Kunnena ya ƙarasa jimlar da kansa, ban ma san ya yi ba. Na juya na ce wa matata, "Ki gaya wa Hajiya na duba."

Hajiya ta ci shida. Ta juya mini baya kamar yadda ta saba, amma ina jin ta tana cewa wannan ya fi na Ƙofar Wambai laushi, kuma ko wake ne, to, da madara suka niƙa shi. Ni da matata kifi muka ci.

Washegari na tsaya a gaban injin sayar da tikitin tarago. Ya nuna mini tambaya da harsuna biyu, da maɓalli kore da ja. A kan koren an rubuta "Sí", a ƙarƙashinsa "Bai". A kan jan an rubuta "No", a ƙarƙashinsa "Ez". Na tsaya har na bayana ya taɓa kafaɗata.

Na ce da su na manta wani abu, na bar su a kan benci, na koma kasuwar a ƙafa cikin yayyafi. Na miƙa wa dattijuwar katin a hannu. Ta karanta, ta dubi hulata, ta nuna cinyar da ke rataye a kanta, sannan ta rufe bakinta da tafin hannu. Ta shiga yi mini magana da sauri, tana ƙoƙarin cusa mini wasu na kifi a takarda. Na zo da fushina cike da ciki, na rasa wanda zan sauke wa. Matar nan sau biyu na tambaye ta, sau biyu ta gaya mini gaskiya.

Na gaya wa matata da la'asar, a bakin kogi, lokacin da Hajiya ke salla a masauki.

"Ka rufe bakinka," in ji ta. "Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba."

"Na san hukuncin. Ba fatawa na zo nema ba."

"To me ka zo nema? Ka sauke kayanka ka ɗora wa tsohuwa? Kai ka samu barci, ita ta rasa?"

"Na ce mata na duba."

"Ai ka duba ɗin, Malam Akawu. Da kunnen Kano ka duba."

Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Muka dawo New York da abin a cikina.

Hajiya kuwa ta dawo da labari. Duk wadda ta zo yi mata sannu da zuwa sai ta ji na kogi mai numfashi da na ƙosai. Bayan wata uku maƙwabciyarmu ta hawa na tara ta shigo, wata Hajiya 'yar Kumasi mai aikin kula da tsofaffi, wadda duk ginin ya san ba ta iya riƙe magana. Ta ce ɗanta da ke aiki a Sifen zai kai ta yawo, kuma Bilbao na cikin jerin. Surukata ta gyara zama.

"Ki je kasuwar bakin ruwa. Malam zai rubuta miki sunan abin da rumfar. Ki ci hankalinki kwance, sau biyu ya tambaya."

Matata ta shige kicin. Ni na ce ban riƙe sunan ba, takardar ta ɓata. A gidan nan kowa ya san ina da rasit ɗin firjin da muka saya shekara tara da suka wuce. Surukata ta ɗago ta dube ni ido da ido, abin da ba ta taɓa yi ba, sannan ta mayar da kai ga carbinta.

Da baƙuwar ta fita na bi ta har bakin lif, domin ba zan bar Musulma ta tafi da wannan shawara ba. Na gaya mata komai a taƙaice.

"Ei! Maalam!" Ta dafe ƙirji. "Hajia ya sani?" Mutanen Zangon Kumasi ba sa bambance mace da namiji a magana, kuma a ranar ban ji sha'awar gyara wa kowa Hausa ba.

"Ba ta sani ba. Don Allah, Hajiya, ki bar shi a nan."

"Ni? Kabari ne cikina."

Lif ya rufe da ita tana girgiza kai.

Ranar Litinin da ta biyo baya surukata ta tashi da azumi. Ta yi Talata, ta yi Laraba. Ba Ramadan ba ne, ba kuma kwanakin da ta saba ba. Matata ta tambaye ta, ta ce nafila ce, ko an hana? Na so in je in durƙusa a ƙofar ɗakinta in faɗi abin da na yi, amma ban san da wane baki suruki yake fara irin wannan magana ba, kuma 'yarta, wadda ita ce bakin namu, ta ƙi ɗauka. Ranar Laraba da magariba na sayo dabino na ba matata ta kai mata. Ta karɓa, ta ce a yi wa Malam godiya.