Ludayin Goggo Kulu

Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal! Duk wanda ya zauna Illela a zamaninta ya san wannan ƙarar: Goggo Kulu ce, yayar mahaifina, ke buga ludayi a gindin tasa. Da shi take kiran kaji, da shi take raba faɗa. Ran da ta buga shi a ƙofar ɗakina kuwa, ina tsakiyar tankaɗe, maganar buɗe makaranta ta zo da ita.

"Ke, sakandaren da kinka yi, ta tuƙa tuwo ce? Tashi, ɗiya mata za ki koya wa karatu."

"Goggo, a ina?"

"Mi ya dame ki da ina?"

Ashe ta riga ta tsare Alhaji Maisefa ɗan canji. Zaurensa ta zauna tana ƙwal-ƙwal, baƙinsa na Konni ba sa jin juna, har ya ce ya ba da shagonsa na bayan tasha don Allah, da tabarmi da alli. Ya ce zai ƙara da ƙararrawa. Ta ce, "Ƙararrawa? Hannuna ya mutu?"

Sai iyaye mata suka ƙi. Wa zai yi musu talla? Goggo ta ce kowace yarinya ta zo da farantinta. Yara na ciki muna a, ba, ca, ita tana bakin ƙofa, Hajiya guda, da farantan ƙosai da gyaɗa da fura jere a gabanta. Lokacin an rufe boda, sojoji ko'ina, bulala a hannu. Wata safiya wani soja ya tsaya a kanta. Ni daga ciki har allin ya faɗi daga hannuna.

"Wa ya ba ki izinin talla a nan?"

"Ɗana, ka karya kuwa? Dubi wuyanka kamar na zalɓe!"

Wallahi sai da ya sayi ƙosai, ta kuma hana shi gyara.

Dokarta ɗaya ce. Kullum yarinya guda ce shugaba, ta hau kifaffen turmi ta yi wa aji magana. In ta yi ƙasa-ƙasa da murya, sai ƙwal! "Ɗaga! Baki gare ki, ba marfin tukunya ba!"

To, rufe boda ya karya canji. Alhaji ya koma sayen albasa, ba shi da wurin zubawa. Muna cikin darasi mota ta tsaya a ƙofa, 'yan dako suka fara sauke buhuna. Alhaji ya shigo yana kauce wa idon Goggo.

"Hajiya, a yi haƙuri. Kasuwa ta juya. A kwashe tabarmi."

Na san in yaran nan suka watse yau, gobe suna tasha da faranti, ba mai sake haɗa su. Na dubi Goggo, ina jiran ta tashi garin da masifa. Ludayin kawai ta nuna wa Hure, wadda ke da shugabanci ran nan. Hure! Yarinyar da ko sunanta aka kira sai ta cusa kai cikin gyale! Na ce a raina, shi ke nan, Goggo ta kashe mu.

Ta hau turmin. Ta motsa baki, ba a ji komai ba. Ƙwal!

"Alhaji," in ji ta, "an ce muna don Allah ka ba da ɗakin ga."

"Haka ne."

"To... Allah ya maido maka shi?"

Har 'yan dako suka tsaya da buhu a ka. Alhaji ya cire hula, ya share gumi, ya mayar.

"Ku kai gidana," ya ce. "A zuba a zaure."

Yana juyawa Goggo ta buga ludayi. "Ka bar muna buhu guda! Ƙosai na son albasa!"

Ya bari kuwa.

Hure ce shugabar makarantar yanzu. Ludayin yana wurina, duk ya lotse. Jiya na ɗauko shi, hawaye suka zo mini, na shiga yi mata addu'a a hankali: Allah ya jiƙan Goggo, ya haskaka makwancinta, ya sa karatun yaran nan ya riƙa isar mata. Jikata da ke aji biyu a makarantar ta ɗago kai daga tabarma.

"Inna, ɗaga murya mu ce amin. Baki gare ki, ba marfin tukunya ba."