Dogayen Shokazoba

Bayan samun 'yancin kai, zamanin Jihar Arewa, ni nake tuƙa motar masu allurar shanu. Motar daji ce, gajera, mai ja da ƙafa huɗu. Aikina in ɗauki malamin dabbobi da akwatin maganinsa daga Boɗinga in kai shi rugage. In kwalaben maganin suka fashe, garke ya rasa allura, ga cuta tana yawo.

Hanyar Horo Birni kuwa suna ne kawai, duk zaizaya ce da kwazazzabai. Sau biyu ina fasa kwalabe. A na biyun malam bai yi faɗa ba, ya dai ce in aka yi na uku zai nemi wani direba. Abin ya yi mini ciwo, don a lokacin ina ganin daga Sakkwato har Shagari babu mai riƙe sitiyari kamata.

Na ɗora laifin a kan shokazoba, ƙarafan nan masu shanye girgizar mota. Namu gajeru ne, da taya ta faɗa rami sai motar ta bi ta da ƙarfi. Na samo dogaye daga jikin wata babbar mota da ta mutu, na kai wa wani tsohon makaniki a bakin kasuwar Boɗinga. Mutum ne mai nawa. Ba ya awo da tef, sai da zaren kaba, ya ƙulla nan, ya ƙulla can. Ya ɗaura su kafin azahar, sannan ya jawo jak.

"Bari mu ɗaga ta, ɗana, ƙahwa ta sauka duka, mu ga mi za ta ja," in ji shi. "Tiyon birkin ga gajere na."

"Baba, shanu na jira. Wani lokaci a duba."

Ya mayar da jak ɗinsa.

Washegari motar ta tafi lafiya lau, ko ƙarar kwalba ba ka ji. Har ina tsokanar malam, wai ya zuba shayi ya sha. Dab da rugar akwai gangare, da wani rami a bakinsa. Tayar gaba ta sauka can ƙasa, yadda ba ta taɓa sauka ba, ta fizge tiyon. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa. A gindin gangaren kuwa an tara mana shanu. Na danna oda, na murɗa sitiyari, suka watse, ban da wata farar saniya mai ciki, wadda motar ta buge.

Mai ita dattijo ne. Ya duba ƙafafunta, ya nemi wuƙa, ya yanka ta kafin ta mutu. Ni ina tsaye, ina jira ya zage ni, da ma na fi son haka. Sai ya juya wajen malam ya ce, "Ku yi ma sauran, tunda kun zo."

Malam ya buɗe akwati. Ko kwalba ɗaya ba ta fashe ba.

Muna nan ina ɗaure bakin tiyo da waya, dattijon ya aiko da cinya guda, wai rabon baƙi. Kunya ta hana ni ci. Na kai wa tsohon makanikin, na ce ya ɗaga motar. Ya karɓi naman, ya jawo jak.