Rairayin da ke ƙasan baho

Jiya ina wanke rawanin maigidana, na tsiyaye ruwa, sai ga rairayi kwance a ƙasan baho. Nan take Baba ya faɗo mini a rai.

Aikinsa a garaji feshin rairayi ne. Inji ke turo shi da iska mai ƙarfi, ya kankare tsatsar manyan motocin da ke zuwa mahaƙar zinariya ta Tchibarakaten kafin a yi musu fenti. Maske na rufe hanci guda ne a garajin, matatarsa ta daɗe da toshewa, mai garaji bai canja ba. A ƙusa yake rataye, ba a sa shi sai ranar da masu duba aiki za su zo. Baba kuwa sai ya jiƙa bakin rawaninsa, ya ja shi bisa hanci.

Ni ke wanke rawanin. Abin da ke kwantawa a baho fari ne, da laushi kamar garin alkama, yana warin tsatsa. Wata Juma'a na dangwalo da yatsa na nuna masa.

"Baba, wannan fa kuke shaƙa kullum."

Ya yi dariya har ta koma tari. "Ɗiyata, cikin rairayi aka haife ni. Ɗan Agadez ba ya tsoron rairayi."

Daga baya a asibiti lokotoro ya ce wannan ba irin na jeji ba ne, niƙaƙƙe ne, in ya shiga huhu ba ya fita. Shekararsa ta ƙarshe, sai ya huta sau uku kafin ya kai ƙarshen Fatiha.

Allah ya jiƙan ka, Baba. Ya ba ka iskar Aljanna, ka shaƙa har ƙirjinka ya cika.